Gargaɗi ga Iyaye da Matasan Damagaram kan Masu Sayar da Aikin Tuƙin Jirgin Dakon Kaya

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan gargaɗi ne saboda wata talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook tun bayan sallar layya, wadda ke cewa wani babban kamfanin jiragen sama na dakon kaya yana neman matasan Nijar domin ya koya musu tuƙin jirgi cikin wata shida, sannan ya ɗauke su aiki da albashin sefa miliyan uku a wata. Tallar ta ci kuɗin gidanmu, kuma na ji labarin wasu gidaje biyu, ɗaya a Birni ɗaya a Garin Malam, da suka faɗa ramin da muka faɗa.

Ɗan ƙanwata ne abin ya rutsa da shi. Yaro ne natsattse, ya ci bak bara, yana taya mahaifinsa zaman shago kusa da kasuwar Dole kafin Allah ya buɗe masa wata hanya. Mutumin da ya yaudare shi ya ce a riƙa kiransa Komanda, bai taɓa yarda sun haɗu ba, sai dai saƙon murya cikin Faransanci mai santsi, wanda yake buɗewa da sallama ya rufe da addu'a. Da fari ya nemi jika hamsin na buɗe dosiye, bayan mako guda ya nemi jika ɗari da ashirin na gwajin lafiya, daga bisani kuma jika ɗari huɗu na biza da tufafin aiki. Ƙanwata ta sayar da ƴan kunnenta na zinari da raguna biyu, aka aika kuɗin ta kamfanin aika kuɗi, kowane karo da sunan mutum daban, kuma an gargaɗe su kada su faɗa wa kowa, wai don gudun baki da hassada. Shi ya sa ban ji ba sai da aka kwashe jika ɗari biyar da saba'in.

Ranar da ya zo mini da ambulan bayan sallar la'asar, hannunsa har rawa yake don murna. Ya ce, "Kawu, ga takardar ɗaukar aikin, har da hatimi." Na yi shekaru ina aikin fiton kaya a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, saboda haka idona ya saba da takardun kamfanonin jiragen sama. Tambarin da ke saman takardar dusu-dusu yake, alamar daga intanet aka kwafo shi, adireshin imel ɗin kuma irin na kyauta ne wanda kowa ke buɗewa a wayarsa. A ƙasa sun liƙa hoton rigar da za a aiko masa, fara, da zane huɗu a kafaɗa. Zane huɗu na kyaftin ne, wato wanda ya yi shekaru yana tuƙi kafin a damƙa masa jirgi, sai ga shi an yi wa yaron da bai taɓa taka matakalar jirgi ba alkawarinsa.

Na tambaye shi ko ya yi wa Komandan maganar lasisi. Ya ce ya yi, an kuma amsa masa da cewa jirgin kaya ba ya ɗaukar rayuka, kwali ne da buhu, don haka ba a tsananta sharuɗɗansa kamar na jirgin fasinja. A kan wannan ƙarya aka gina damfarar gaba ɗaya, kuma tana shiga kunne ne saboda a kan titi mun saba ganin yaron mota ya koyi tuƙin babbar mota a hannun maigidansa. A sama ba haka abin yake ba. Lasisin da ake nema wajen matuƙin jirgin kaya shi ne ake nema wajen na fasinja, domin sararin da suke bi ɗaya ne, kuma a kan garuruwan mutane suke wucewa. Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya mai mazauni a Montreal, wadda Nijar ke cikinta, lasisin tuƙi na kasuwanci da ake kira CPL yana buƙatar sa'o'in tashi 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken tsari a makarantar da hukuma ta amince da ita. Lasisin ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgi, yana buƙatar sa'o'i 1,500 da shekaru 21 a duniya. Bayan wannan akwai gwajin lafiya mataki na ɗaya, wanda likitan da hukumar jiragen sama ta naɗa ne kaɗai ke sa masa hannu, da jarrabawar Turanci mataki na huɗu, da horo na musamman a kan kowane samfurin jirgi. Gwajin lafiyar da yaronmu ya biya wa jika ɗari da ashirin kuwa takarda ce da aka turo masa ya cike tsawonsa da nauyinsa da kansa.

Sun kuma yi amfani da sunan EAMAC, makarantar da kowa ya sani a Yamai, suka ce a can za a fara karatun. EAMAC makaranta ce ta gaskiya ta ASECNA, hukumar da ke kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama a wasu ƙasashen Afirka, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da injiniyoyin na'urori, kuma da gasar jarrabawa ake shigarta. Mai neman tuƙin jirgi daga yankinmu yakan nufi makarantu irin su kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko makarantar kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa, kuma kuɗin karatun ya wuce abin da raguna biyu za su biya nesa ba kusa ba.

Game da ɗaukar aiki, kamfanoni irin su Cargolux, DHL, FedEx da UPS a shafukansu suke sanar da gurabe, suna duba littafin sa'o'in tashin mutum, su gwada shi a na'urar kwaikwayon tuƙi, su zauna da shi ido da ido, sannan su nemi shaidar cewa yana da izinin aiki a ƙasar da suke. Gaskiya ne a wannan sana'a akwai inda matashi ke biyan kuɗin horonsa da aljihunsa, amma cikin asusun makaranta yake biya, da rubutacciyar yarjejeniya, kuma makarantar tana da ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa. Albashi mai tsoka da ake ji kuwa na waɗanda suka daɗe ne, domin daɗewa a kamfani da girman jirgi su ke ɗaga shi, sabon mataimakin matuƙi daga ƙasa yake farawa, sau da yawa da bashin karatu a wuyansa.

Aikin ma ba hutu ba ne kamar yadda tallar ta zana shi. Yawancin jiragen kaya da dare suke tashi don saƙo ya isa da safe, matuƙi yakan yi kwanaki bai ga iyalinsa ba, barcinsa kuma da rana ne a ɗakin otal. A Amurka, sababbin dokokin hutun matuƙa da suka fara aiki a 2014 ba su haɗa da na jiragen kaya ba, abin da ƙungiyoyinsu suka daɗe suna kuka a kai. Kayan da kansu suna da haɗari: a watan Satumba na 2010 wuta ta tashi daga kayan da ke ɗauke da batiran litiyam a cikin wani jirgin UPS samfurin Boeing 747, ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu. Wannan ne aikin da ake ce wa yaranmu kwali ne da buhu.

Duk wanda tallar ta iso wa, kada ya aika ko dala. Ya nemi cikakken sunan makarantar da ta ce za ta yi horon, ya kai wa ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar, ta tabbatar masa, ya kuma nuna takardun ga wani babba kafin a sayar da komai a gida. Wanda ya riga ya biya, ya adana rasit da saƙonnin murya da lambobin waya, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, kada kunya ta hana shi, domin shirun waɗanda aka cuta ne ya ba waɗannan mutane damar bin unguwa bayan unguwa.

Mu mun kai namu ƙorafin. Da na kira lambar Komandan da wayata na tambaye shi lambar lasisin makarantarsu, sai ya ce, "Alhaji, bari in shiga ofis in kira ka," kuma tun daga ranar layin a rufe yake. Shekaranjiya wani maƙwabcina a Sabon Gari ya nuna mini tallar ta sake fitowa da sabuwar lamba, hoton rigar nan mai zane huɗu bai canza ba, sai dai kuɗin buɗe dosiye ya koma jika saba'in da biyar.