Fitilun LED masu sola na layinmu a Badariya

Ni tela ne, shagona yana bakin titi a Badariya, nan Birnin Kebbi, kuma ban yi kewar fitilun titi na da ba, masu hasken ruwan ɗorawa. Sai sun ɗauki mintuna kafin su kama sosai, a ƙarƙashinsu kuma ba ka bambanta shuɗin yadi da baƙi.

Bara matasan layinmu suka yi karo-karo aka sayo fitilun LED masu sola, irin waɗanda farantin sola da batir da ƙwan fitila ke haɗe wuri guda. Haskensu fari tas, magariba na yi suke kamawa da kansu. Mai shayi da mai tsire sun ƙara lokacin tashi, mata na zuwa karɓar ɗinki bayan isha'i hankali kwance. LED kusan rabin wutar da tsofaffin fitilun ke ci take ci, shi ya sa ƙaramin faranti ke iya riƙe ta.

Amma iri biyu aka sayo, kuma a nan maganar take. Masu araha an rubuta 300W (wato ƙarfin wuta wat 300) a kwalinsu, masu tsadar 60W kawai. Yau masu 60W ɗin ne ke kaiwa kiran asuba, sauran kuwa wajen ƙarfe 2 na dare sun mutu, daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Lambar kwali ba ta haska titi, batir ke yi. Ƙwan LED mai kyau yakan yi awa 50,000, amma batir ɗin da ke ƙulle cikin akwati a kan turke, yana shan ranar Afrilu da ke wuce digiri 40, shi ke fara gajiya. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin talakawa ne, har da na tsofaffin da suka ba da ɗari biyar-biyar.

Da hunturu ƙura kan rufe farantin, dole wani ya hau tsani ya goge, in ba haka ba caji ya ragu. Da damina kuma ƙwari na taruwa, kada a kafa turken dab da teburin mai abinci.

Duk unguwar da za ta saya, ta tambayi girman batir, ko na litiyam ne, da ko ana iya canza shi in ya mutu. Mai shagon da ya kasa amsawa, a wuce gaba.