Lantarki ko haidurojin: wanne ya fi ɗaure mutum a hannun kamfani?

Wani ɗan'uwa daga Ringim ya yi tambaya a zauren nan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake son sayen babur mai lantarki, sai aka ce masa ya jira haidurojin, iskar gas da wasu motoci ke sha a madadin fetur, wai mai lantarki kamfani ne ke riƙe wa mutum wuya.

Malam, kowanne da igiyarsa, inda aka ɗaura ta ne ya bambanta.

A lantarki, bakin caja ba ɗaya ba ne. Motar Sin da GB/T take zuwa, ta Turai da CCS2, tsohuwar Nissan Leaf da CHAdeMO, Tesla ta Amurka kuma da nata. Wannan da sauƙi, ana sayar da mahaɗi. Inda gizo ke saƙa shi ne batir. Baburan da ake musanya wa batir, sau da yawa babur naka ne, batir na kamfani, kuma na wani kamfanin ba ya shiga ramin. Wata Lahadi a kasuwar Gujungu na ga ɗan acaɓa ya kai nasa wurin mai gyaran sola. Aka kwance kusoshi, aka gwada, wuta na nan cike, amma ƙwaƙwalwar batirin ta ƙi saki sai da na'urar kamfani. Haka ya zauna a kan benci, fasinja na wucewa. Kamfanin Better Place na Isra'ila da musanyar batirin mota ya yi suna, ya karye a 2013. Abin da ya ceci masu motocin, ana iya cajinsu a gida.

Haidurojin fa? Bakin famfonsa an daidaita shi, ƙananan motoci matsin bar 700 (bar ma'aunin matsin iska ne), bas-bas 350. Sai dai ba ka haɗa shi a tsakar gida, kuma babu ɗan bumburutun da zai miƙo maka shi a galan. A Fabrairun 2024 Shell ya rufe tashoshinsa na haidurojin na ƙananan motoci a jihar Kalifoniya ta Amurka, masu Toyota Mirai, motar da ke shan haidurojin, suka shiga neman inda za su sha. Kalifoniya ke nan fa, ina ga hanyar Taura?

Ni dai lantarki zan saya, don rana ba ta kowa ba ce. Amma kafin ka ƙirga kuɗi, sa dila ya rubuta maka batirin na waye, sannan ya jona shi a soket a gabanka ka ga ya ɗauki caji.