Bitcoin ko Ethereum: da wanne mai koyon bulokcen zai fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da Bitcoin za ka fara koyon fasahar bulokcen ko da Ethereum, tunda yanzu ka shigo harkar. Shawarata ka fara da Bitcoin.

Aiki ɗaya Bitcoin yake yi: rubuta wane ya tura wa wane nawa. Kamar littafin uwar adashi ne, sai dai dubban kwamfutoci ne ke riƙe da kwafinsa a faɗin duniya. Kusan duk minti 10 ana ƙara sabon bulok, wato sabon shafi a littafin, kuma kowane bulok yana ɗauke da lambar hatimin (hash) wanda ya gabace shi, lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin bulok ɗin. Wannan sarƙar ta bulok-bulok ita ce bulokcen. Ka taɓa ko harafi ɗaya a tsohon bulok, hatiminsa ya canja, na bayansa duk sun daina dacewa, sauran kwamfutocin su yi watsi da kwafinka. In ka gane wannan, ka kama bakin zaren. Takardar bayanin Bitcoin da wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Nakamoto, ya fitar a 2008 shafi 9 ce kacal, tsarin ya fara aiki a Janairun 2009, kuma adadin kuɗin ba zai wuce miliyan 21 ba.

A nan kuma za ka san mainin na gaskiya: injuna masu cin wuta ke gasar rufe bulok, wanda ya riga ya samu lada, Bitcoin 3.125 tun Afrilun 2024. Danna fuskar waya da matasanmu suka yi ta yi a wasan Hamster Kombat da sunan mainin wani abu ne daban, kuma yana damuna yadda aka cakuɗa su.

Ethereum, wanda Vitalik Buterin da abokan aikinsa suka ƙaddamar a 2015, ya fi faɗi. Ban da tura kuɗi, ana ɗora masa manhaja mai zartar da yarjejeniya da kanta idan sharaɗi ya cika, galibi ana rubuta ta da yaren kwamfuta na Solidity, kuma kowane aiki ana biyan kuɗin gas, wato kuɗin gudanar da aikin. Bulok ɗinsa na fita duk daƙiƙa 12. Tun Satumbar 2022 ya bar mainin, ya koma tsarin jingina, inda mai tantance bulok ke ajiye aƙalla ETH 32 (ETH shi ne kuɗin Ethereum). Abin ya yi wa sabon shiga yawa a rana ɗaya, amma in burinka ka zama mai rubuta manhaja, can za ka ƙare.

Ko sisi kada ka kashe tukuna. Buɗe shafin intanet na mempool.space ka kalli bulok ɗin Bitcoin suna fitowa, ka danna ɗaya ka nemo hatimin na baya. Idan wannan ya zauna maka, sai ka buɗe walet, wato manhajar karɓa da tura kuɗin, ka karɓi ETH na gwaji kyauta a Sepolia (tsarin gwaji na Ethereum), ka tura, ka bi sawunsa a Etherscan, shafin duba hada-hadar Ethereum. Kalmomin sirri 12 da walet ɗin zai ba ka kuwa, su ne makullin kuɗinka: rubuta su a takarda, kada ka tura wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin walet ɗin ne.