Windows ko Linux a tsofaffin kwamfutocin shago?

Ƙanena, ka ce kwamfutoci uku gare ka a shagonka na buga takardu a Tahoua, duka Windows 10 ce a kansu, sun ƙi karɓar ta 11, ko ka koma Linux?

Windows kamar gidan haya take. Kuɗin lasisi izinin amfani kawai yake saya maka, lambobin da aka gina ta da su kuwa suna kulle a hannun Microsoft, su ke yanke ranar da za su daina kula da ita. Ta 10 sun janye mata tallafi tun 14 ga Oktoba 2025. Ta 11 tana neman guntun tsaro TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da shi. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawanmu ta sata muke sakawa, abin yana damuna.

Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, tana ƙarƙashin lasisin GPL: ka kwafa, ka gyara, ka raba, har ka sayar, sai dai in ka raba gyararka dole ka bar lambobin a buɗe. Kile (USB) ɗaya na Linux Mint, wani nau'in Linux, ya isa kwamfutocinka duka, halal, ba ko dala. A shagona na Yamai wata ɗaliba ta taɓa zuwa kamar ta yi kuka, birus ya ɓoye mata memuwarta (kundin kammala karatunta) a kile. Na soka shi a kwamfutar Linux, sai ga fayilolin reras.

Amma ba zan ɓoye maka inda Windows ta fi ba. Takardar Word mai teburori, in ka buɗe ta a LibreOffice, madadin Word a Linux, wani lokaci layuka su goce, shafi 80 ya zama 83, mai takarda kuma yana tsaye a kanka. Photoshop da kake yin katin aure da na suna ba ta da sigar Linux, GIMP kuma, madadinta a Linux, sai hannu ya saba.

Ni dai da ni ne, biyu su koma Mint. Ta ukun mai Photoshop ka bar ta a Windows, ka cire ta daga intanet har ka samu mai ɗaukar ta 11 da lasisin gaske. Kafin ka goge komai, tayar da Mint daga kile ba tare da ka girka ta ba, ka gwada firintarka tukuna.