Tayar gaba mai layi uku da na sa wa ƙaramar taraktata saboda dusar ƙanƙara

Jama'a duk wanda ke zaune irin wajenmu nan Minesota ta Amurka ya san wahalar share dusar ƙanƙara daga ƙofar gida a watan Janairu. Ni da ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa nake turewa, da garmar ture ƙanƙara a gaba, kuma bara tayoyin gaban da suka zo da ita sun ba ni wuya sosai, irin masu laushin nan ne na kan ciyawa, ka karkata garma ka juya sitiyari hagu tarakta ta ci gaba da zamewa dama abinta, saura kaɗan in daki motar maƙwabci wallahi.

Bana sai na sa mai layi uku ɗin nan irin ta gaban manyan taraktocin gona, lamba 16x6.50-8. Gaskiya bambancin a fili yake, layin tsakiyan yana nutsewa cikin ƙanƙarar ya riƙe hanya, sitiyari ma ya yi sauƙi duk da nauyin garmar. Ku nemi mai ninki 4, mai ninki 2 ba ta ɗaukar nauyin nan, kuma a sa mata tif a ciki.

Amma fa in ƙasa ta daskare ta zama kamar gilashi ita ma tana zamewa, kuma tayar gaba ba ta ja, sarƙa da ƙarin nauyi a tayoyin baya dole ne. Da bazara kuma in ƙasa ta jiƙe tana barin sawu a ciyawa, ni cirewa zan yi a Afrilu.