Sandunan tafiya na Nordic: ra'ayina bayan na yi kaka da su

Duk dattijon da ke zaune inda ake yin kaka mai sanyi ya san abin da ke faruwa daga watan Oktoba, rana ta fara saurin faɗuwa, ganye ya zube ko'ina ruwa ya jiƙa shi, hanya ta yi santsi, sai ka ga mutumin da ya saba tattaki kullum ya fara cewa gobe zan fita, gobe zan fita, har sanyi ya shigo yana kan kujera. Kuma fa ba lalaci ba ne, tsoron faɗuwa ne, tsoron kuma yana da dalili don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa sanadin faɗuwa. Wannan tsoron ne ya sa na sayi sandunan nan guda biyu da ake kira Nordic, kuma gaskiya ban yi asarar kuɗina ba.

Asalinsu daga ƙasar Finlan ne, masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke atisaye da sanduna lokacin da babu ƙanƙara don kar jiki ya mutu, daga baya a 1997 kamfanin Exel ya fitar da sanduna musamman na tafiya a ƙasa. Ba irin sandar dogarawa ba ce ta mara lafiya. Doguwa ce siririya ba nauyi, a sama akwai madauri kamar rabin safar hannu da ke kama tsintsiyar hannu, a ƙasa tsinin ƙarfe ne da ake rufewa da wani ɗan takalmin roba mai karkata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take miƙar da mutum. Kafin nan ina tafiya kaina a ƙasa ina duba inda zan taka, yanzu kam ƙirji a buɗe, kafaɗa da damtse suna aiki tare da ƙafa, gwiwata ta hagu da ke damuna a gangare ta samu sauƙi sosai don hannu ya ɗauke mata wani kaso na nauyin. Za ka yi haki fiye da tafiyar da ka saba amma ba ka jin ka wahala, wannan kuwa yana taimakawa wajen cika minti 150 zuwa 300 a mako da hukumar lafiyar ta ba 'yan shekara 65 zuwa sama shawarar su riƙa motsa jiki matsakaici.

Sai dai a koyi tafiyar, wallahi na ga mutane da dama suna caka sandar a gabansu suna jingina da ita, to ba haka ba ne. Ƙafar hagu ta yi gaba hannun dama ya bi ta, tsinin ya sauka a karkace yana kallon baya, ka tura ƙasa da shi, in hannu ya wuce ƙugu sai ka saki mariƙin madaurin zai dawo maka da ita. Da farko kai yana rikicewa, hannu da ƙafa su ƙi jituwa kamar sabon ɗan koyon keke, amma wannan rikicewar ma riba ce a wurina, ƙwaƙwalwa ta samu sabon aiki, kana lissafin taku kana lura da hanya ba wurin zama da tunane-tunane. In kuma ka samu abokin tafiya ku fita da safe hasken rana ya taɓa ku kuna hira, barcin dare ma ya fi daɗi, kasalar nan ta gajerun ranaku tana raguwa.

Tsawo kuma kar a yi wasa da shi. Ka ninka tsayinka na santimita da 0.68, mai santimita 170 zai ɗauki sanda mai wajen santimita 115, in ka riƙe ta a tsaye gwiwar hannunka ta kusa lanƙwashewa kamar harafin L.

Yanzu abin da bai min ba. Tawa irin mai zugewa ce da ake murɗawa a ƙulle, kuma makullin yakan saki in ruwa ya shiga, kana cikin turawa sai ka ji sandar ta nutse, ga dattijo wannan haɗari ne ba ƙarami ba. Wanda ba tafiye-tafiye yake da ita a jaka ba gara ya sayi mai tsawo ɗaya wadda ba ta da makulli, ko mai makullin da ake dannawa daga waje. Takalmin robar shi ma yana saurin cinyewa a kan kwalta, a sayi na canji tun farko. Kuma a kan jiƙaƙƙen ganye ko laka robar zamewa take, dole a cire ta a bar tsinin ƙarfen ya kama ƙasa, da ka dawo kwalta ka mayar, ga yatsu sun yi sanyi robar ta ƙi fita, abin da takaici. Madaurin kuma a nemi wanda ake ɓallewa da maɓalli ɗaya, in ba haka ba ɗaukar waya ko hankici ya zama aiki.

Wanda ke fama da jiri, ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko likita ya ba shi sandar dogarawa, don Allah ya fara tambayar likitansa, waɗannan ba sa maye gurbin waccan. Ga sauran dattawa masu ƙafa amma tsoron santsi ya zaunar da su, ina ba da shawarar a saya, a haɗa da takalmi mai kama ƙasa da riga mai ƙyalli don direbobi su hango mutum tunda magariba na saurin yi.