Sola, injin iska ko janareta: wanne ya cancanci kuɗinka?

Man fetur da gas da kwal ba sa haihuwa. Abin da aka haƙo aka ƙona ya tafi ke nan. Don haka mai son wutar kansa a gida dole ya zauna ya yi lissafi, kuma ni ba zan ɓoye ba, sola na zaɓa.

Janareta araha ne ranar saye kawai, daga nan kullum sai ka ciyar da shi, ga ƙara ga hayaƙi. Ƙaramin injin iska kuwa kyan ɗan maciji ne: idan gudun iska ya ragu da rabi, wutar da yake bayarwa takan koma kashi ɗaya cikin takwas, kuma a tsakanin gidaje iska ba ta da tsari. In ba a bakin teku ko kan tudu kake ba, manta da shi.

Faifan sola ba shi da abin da yake juyawa balle ya lalace. Daga 2010 zuwa 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Mai kyau yakan zo da garantin shekara 25, ƙarfinsa na raguwa da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara. Yana da nasa aibin, ban musa ba. Kuɗin a dunƙule ake zubawa tun farko. Hadari da ƙura suna rage shi, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, zafi ma maƙiyinsa ne: kowane digiri da zafin faifan ya ƙaru sama da 25 yana cinye kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Saboda haka kar a manna shi jikin rufi, a bar wa iska hanya ta ƙasansa. Da dare kuma ba ya ba ka komai, a nan ne maganar batir take shigowa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Na taɓa sayen batirin dalma mai tambarin 200Ah (awon yawan cajin da yake ɗauka), na ɗaga shi da hannu ɗaya ban ji komai ba, har ina murna wai sabuwar fasaha ce. Wata bakwai ya yi. Kafin ƙarfe 10 na dare inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara kuka, fanka ta tsaya. Na raba kaina da janareta, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Batirin dalma na gaskiya mai 200Ah a bolt 12 yakan kai kilo 55 zuwa 65, don haka a ɗora shi a sikeli. Nauyin ma ba hujja ba ce ita kaɗai, tunda akwai masu cusa yashi a ciki.

Batirin dalma ko na ƙwarai ne ba a shanye masa fiye da rabin cajinsa. Na litiyam mai rubutun LiFePO4 ana shan kashi 80 zuwa 90, kuma yana jure caji sau dubbai. Shi nake amfani da shi yanzu. Sai dai nan ma 'yan algus sun shiga: sukan tattara tsofaffin ƙwayoyin batir su zuba a sabon akwati. Ka ce a yi gwajin sauke caji a gabanka, garanti kuma a rubuce.

Faifan jabu awo ne ke tona shi. Murabba'in mita ɗaya wat 200 zuwa 220 yake bayarwa, saboda haka faifan da aka ce wat 500 ne dole ya haura murabba'in mita 2. Tafi da tef ɗinka. Dubi takardar bayansa, in an liƙa wata kan wata, juya ka tafi. Haska gilashin ka nemi tsaga ko tabon ƙuna.

Na'urar sarrafa caji, wadda ke tsakanin faifai da batir, ita ma haka. Iri biyu ce, MPPT mai tsada da PWM mai araha, sai su buga MPPT a jikin PWM. Ta gaske tana da naɗin waya mai kauri a ciki, tana da nauyi, kuma bolt ɗin da ke shiga daga faifai ya fi wanda ke fita zuwa batir sosai. In ka auna ka ga kusan ɗaya suke, PWM ce aka sauya wa riga.